Rigar Sanyi Mai Hula: Abin Da Ta Iya Da Abin Da Ya Fi Ƙarfinta



Da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi bana, na ɗauka za a ce in yi magana a kan aikin gwamnati, tun da yake nan ne nake cin abinci. Ina buɗe takardar sai na ga an rubuta, "Ka ba mu labarin rigar nan." Waɗanda suka ga hoton da na aiko daga Kanada sun san rigar da ake nufi. A hoton ba a ganin komai nawa sai hanci da tabarau, har wani ɗan ajinmu ya ce in ba don tabarau ɗin ba, da ya rantse buhun auduga aka jingine a jikin bishiya.

Na san da wasa aka ba ni wannan aiki, amma ni da gaske na karɓa. Dalili kuwa shi ne, kusan kowace shekara sai wani daga cikinmu, ko ƙanensa, ko ɗansa, ya tafi karatu ko kwas a ƙasashen sanyi. Tun da na dawo, mutum 4 daga cikin wannan ƙungiya sun kira ni suna tambaya wace riga za su saya. Amsar da nake ba su a gurguje ita ce nake so in shimfiɗa yau a tsanake, domin magana ce da ta shafi kunne da yatsu, wani lokaci ma har da rai.

Sanyinmu da nasu

Kafin in je, na ɗauka na san sanyi. Wanda duk ya yi zaman wannan makaranta ya san wankan asuba a tsakiyar hunturu, lokacin da ruwan bokiti kan zama kamar an jiƙa allurai a ciki. Wasunmu, ba zan faɗi suna ba, sukan watsa ruwan a bango don firifet ya ji ƙara, su jiƙa kai da ƙafa, su fito suna rawar ɗari kamar sun yi da gaske. To, wannan muku-mukun sanyi da muke kuka da shi, in aka duba ma'aunin zafi, da wuya a ga ya sauka ƙasa da digiri 10.

A watan Satumba na 2018 ma'aikatarmu ta sake ni na tafi ƙaro karatu a birnin Winifeg, hedikwatar lardin Manitoba a tsakiyar Kanada. Garin yana kan fili ne miƙaƙƙe, babu dutse babu tudu da zai tare iskar da ke sauko masa daga arewa. A watan Janairu matsakaicin awon garin yakan kai digiri 16 ƙasa da sifiri. Don ku gane abin da wannan ke nufi, firizar da ake daskarar da nama a gidajenmu a kan digiri 18 ƙasa da sifiri ake ajiye ta. Wato mutanen garin a cikin firiza suke zuwa ofis, su kai yara makaranta, su je kasuwa. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a garin shi ne digiri 47.8 ƙasa da sifiri, a watan Disamba na 1879. Kogunan garin guda 2 sukan daskare har a share hanya a kansu mutane su riƙa yawo. Motoci kuwa kowace da wayar lantarki tana reto a gabanta, da dare a jona ta don a ɗumama injin, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba.

Malaminmu na labarin ƙasa, ga shi nan zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya zana mana waɗannan wurare a allo, muka haddace, muka ci jarrabawa. Allah ya gafarta Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai gani ya kori ji.

Rigar da na tafi da ita

Kafin in tashi na shiga wajen 'yan gwanjo na zaɓi wata jibgegiyar riga mai nauyi, na sa ta da rana tsaka na ji gumi ya karyo mini, na ce to, wannan ko a ina sai ta yi. Ta yi mini aiki a Satumba da Oktoba. Da Nuwamba ta kama, ina tsaye a tashar bas sai na ji iska tana ratsa ta kamar taguwar leshi na sa.

Wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya shekara fiye da 20 a garin, shi ya lura da ni. Ya kama hannun rigar ya murza, ya ce, "Ƙanena, wannan ta ƙasarku ce. Gobe ka shirya in kai ka kanti." Da muka je ya ɗauko mini wata doguwa har gwiwa, mai hula haɗe da ita irin ta alkyabba. Na ɗaga ta na ji ba ta kai rabin nauyin tawa ba. Na duba kuɗin na ga ya haura albashina na wata guda. Na ce, "Yaya, anya kuwa? Wannan abu sakayau haka?" Ya ce, "Yatsa nawa kake da su?" Na ce 10. Ya ce, "In kana so ka koma da su a cike, biya."

Na biya ina ƙunƙuni. Yanzu na san araha ba ta ado, kuma ba ta maganin sanyi.

Yadda take aiki

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, riga ba ta ba mutum zafi. Jikin mutum ne murhun. Ko a zaune kake, jikinka yana fitar da zafi kwatankwacin na ƙwan lantarki mai wat 100, in kana tafiya da sauri kuwa ya ninka haka sau 3 ko fiye. Aikin riga shi ne ta hana wannan zafi gudu, kamar yadda fulas ba ya dafa shayi, riƙe masa zafinsa kawai yake yi. Da za ka lulluɓe dutse da rigar ka ajiye a waje, da safe dutse mai sanyi za ka tarar.

To, me ke riƙe zafin? Iska ce, amma iskar da aka tsare wuri guda ba ta motsi. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa zafi ba ya saurin ratsa iska. Ku dubi kaza da sanyin safiya, yadda takan buɗa gashinta ta zama kamar ta ninka girma. Iska take tarawa a tsakanin gashin.

Abin da ake cusawa a cikin rigar shi ne lallausan gashin da ke ƙarƙashin gashin waje na agwagwa ko dinya, galibi na wajen ƙirji. Ba shi da tsinke a tsakiya kamar gashin fiffike. Kowane ɗaya ɗan dunƙule ne mai siraran zarurruka da suka bazu ta ko'ina, kusan kamar audugar tumfafiya in ta fashe. In suka taru sai su sarƙe da juna su yi dubban ƙananan aljihuna cike da iska. Shi ya sa rigar take da kauri amma ba ta da nauyi. Tawa ta gwanjo nauyinta na yadi ne, abin da ke cikinta ya daɗe da kwantawa ya zama kamar tsohuwar katifa, babu sauran wurin da iska za ta zauna.

Shi gashin, in aka zuba shi haka nan tsakanin yadi 2, zai zube ne ya taru a ƙasa. Saboda haka ake ɗinke rigar gida-gida, kowane gida da rabonsa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya ga lifidin dawakin sarki a hawan salla ya ga irin wannan ɗinki, sai dai shi lifidi da audugar rimi ake cusa shi, kuma kibiya aka yi shi ya tare.

Ga abubuwa 3 da dattijon nan ya koya mini in duba. Na ɗaya, lambar da ake rubutawa a jikin rigar, kamar 550 ko 700 ko 800. Tana nuna yawan wurin da gashi mai nauyin oza guda, wato kimanin giram 28, yake cikawa in ya buɗe. In lambar ta yi sama, gashin ya fi kyau, ya fi tara iska. Na biyu, yawan gashin da aka zuba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, domin 'yar siririyar riga mai lamba 800 ba za ta kai mai lamba 600 da aka cika maƙil ɗumi ba. Na uku, irin ɗinkin. In an haɗe yadin waje da na ciki da zare kai tsaye, to a kan kowane layin ɗinki babu gashi ko kaɗan, kuma ta nan sanyi ke shiga. Rigar da aka yi don tsananin sanyi, tsakanin gida da gida akwai ɗan bango na yadi, yadda kaurin zai zama ɗaya ko'ina. Sannan yadin waje dole ya zama mai tare iska, in ba haka ba iskar waje za ta kore wadda aka tsare, aikin ya zama na banza.

Daga ina ta samo asali

A 1922, lokacin da Turawan Ingila suka yi yunƙurin hawa tsaunin Everest, a cikinsu akwai wani masanin kimiyya haifaffen Ostareliya mai suna George Finch. Shi ya sa aka ɗinka masa riga da yadin da ake yin balan-balan, aka cusa mata gashin agwagwa. Abokan tafiyarsa, da ke sanye da kwat na ulu, suka yi ta yi masa dariya. Da aka hau sama iska ta fara kaɗawa, dariya ta ƙare. A wannan tafiya ya kai tsawon fiye da mita 8,300, inda babu wanda ya taɓa kaiwa kafin lokacin.

Wanda ya kawo ta kasuwa kuwa wani mai kanti ne a birnin Siyatil na Amurka, Eddie Bauer. Ya je kamun kifi da hunturu, rigarsa ta ulu ta jiƙe ta daskare a jikinsa, saura ƙiris ya mutu. Da ya farfaɗo sai ya zauna ya tsara riga mai ɗinkin gida-gida, ya fara sayarwa a 1936, ya yi mata rajista a 1940.

Amma ita hular, da sanin yadda ake zama a irin wannan sanyi, ba Bature ne ya ƙago su ba. Mutanen Inuwit da ke zaune a can ƙarshen arewacin Kanada da Girinlan sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗinka riga mai hula da fatar wata irin barewa ta ƙasarsu. Sukan sa guda 2, ta ciki gashinta yana kallon jiki, ta waje gashinta yana kallon waje. Roald Amundsen, mutumin Norwe, ya zauna kusa da su a tafiyar da ya yi tsakanin 1903 da 1906, ya ƙasƙantar da kansa ya koyi suturarsu da yadda suke tafiya da karnuka. Da wannan ilimi ya zama na farko da ya isa tsakiyar ƙarshen duniya ta kudu, ranar 14 ga Disamba 1911, ya kuma dawo da mutanensa lafiya. Matambayi ba ya ɓata.

Amfanin hular

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa wai rabin zafin jiki ta kai yake fita. Masana sun bincika sun ga ba haka ba ne, abin da ke fita ta kai bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba, daidai da girman kan a jiki. Amma wannan bai rage wa hular daraja ba, domin ayyuka 3 take yi.

Na farko, tana toshe wuya. Iska mai ɗumi sama take tashi, in wuyan riga a buɗe yake sai ta riƙa fita ta nan kamar hayaƙi ta tagar madafa. Hular da ke haɗe da riga ba ta barin wannan kafa. Na biyu, tana rufe kunne da kumatu, waɗanda su ne sanyi ya fi saurin ci. Na uku, in an ja ta gaba sai ta yi kamar zurfin rami a gaban fuska, gashin da aka kewaye bakinta da shi kuma ya karya ƙarfin iska, sai ɗumin numfashinka ya tsaya a gabanka. Na ɗauka ado ne wannan gashi, ashe shi ne rabin aikin.

Illarta guda, tana hana ka ganin gefe, tana kuma rage ji. Kafin ka tsallaka titi sai ka juya jikinka gaba ɗaya, kamar mai ciwon wuya.

Yadda na same ta a aikace

Na sa rigar nan wata 5 a jere, ga abin da na gani. Daga sifiri zuwa digiri 10 ƙasa da sifiri, ta yi yawa, in ina tafiya sai na zuge zif ɗin don kada in yi gumi. A digiri 20 ƙasa da sifiri, nan ne gidanta. Da 'yar shara da suwaita a ciki, sai in yi tafiyar awa guda ban ji komai ba. Daga digiri 30 zuwa ƙasa, muddin ina tafiya, ƙirjina da bayana lafiya lau. Amma in na tsaya wuri guda na minti 20, sai sanyi ya fara hawowa ta tafin ƙafa, ya kama cinya, ya kama yatsu, sannan in fara jin sa ta layin zif. A ƙarshen Janairu na 2019 aka yi wasu kwanaki da awon ya doshi digiri 40 ƙasa da sifiri. A irin wannan rana gashin hanci daskarewa yake yi da numfashin farko, wayar hannu ta mutu ko da cike take da caji, in ka watsa tafasasshen ruwa sama ya zama hazo kafin ya sauko. Duk da haka ban taɓa jin sanyi ya taɓa ƙirjina ba. Iyakar inda rigar ta rufe, ta cika alkawari.

Sai dai ba awon ma'auni kaɗai ake dubawa ba, har da iska. Hukumar yanayi ta Kanada tana da lissafin da take bayarwa kullum. In ma'auni ya nuna digiri 30 ƙasa da sifiri, iska kuma tana gudun kilomita 30 a awa, abin da fata ke ji daidai yake da digiri 46 ƙasa da sifiri. A wannan hali, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10.

Wannan lissafi a kunnena na koye shi. Wata Juma'a a watan Janairu na ci ado, na sa kaftani a ƙarƙashin rigar, na kafa sabuwar hula zanna da aka aiko mini daga gida. Da na fito sai na ga in na jawo hular rigar za ta lotsa mini zannata, na ce ai tashar bas ɗin ba nisa. Na hango bas, na sheƙa da gudu, ta tashi ta bar ni. Na tsaya jiran wata. Da farko kunnuwana suka yi zafi kamar an shafa barkono, can sai na ji zafin ya daina, na ce alhamdu lillahi, na saba. Gumin gudun da na yi kuma ya fara sanyaya mini baya, domin singiletin auduga ce a jikina.

Da wata bas ta zo na shiga, wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ta dube ni ta ce, "Ɗana, kunnenka ya yi fari. Kada ka murza shi. Ka rufe shi da tafin hannunka." Da jini ya fara dawowa, jama'a, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Kunnen ya kumbura ya yi ƙuna, bayan mako guda fatar ta saɓule. Likita ya ce na yi sa'a sanyin bai shiga ciki ba. Har yau in hunturu ya kama, wannan kunne shi ke fara gaya mini. Riga ta haura albashin wata tana jikina, hularta tana reto a bayana, ni kuwa ina tsaron zanna.

Abin da ya fi ƙarfinta

Babban abokin gabar wannan riga shi ne laima. In gashin ya jiƙe sai ya manne ya zama ɗan curi, aljihunan iskar nan su ɓace. Ruwa kuwa ya fi iska saurin jan zafi daga jiki kusan sau 25. A tsananin sanyi ba a ruwan sama, saboda haka laimar daga cikinka take fitowa, wato gumi. Mutanen can suna da ƙa'ida, in za ka yi aikin ƙarfi ka sassauta riga tun kafin gumi ya zo, in ka tsaya ka rufe. Kuma ba a sa auduga a jikin fata, domin tana shan gumi ta riƙe. Ulu ake sawa ko yadin roba da aka yi don haka. A ƙasashen da sanyinsu na ruwa ne, kamar Ingila, rigar da aka cusa wa zaren roba ta fi dacewa, domin ko ta jiƙe tana ɗan riƙe ɗumi.

Na biyu, matsi. Duk inda aka danne gashin, kamar ƙarƙashin igiyar jakar goyo ko inda ka jingina, nan ɗumi ya ragu. Riga in ta matse ka ba ta aiki. Haka kuma ba a ajiye ta a dunƙule cikin jaka wata da watanni, rataye ta ake yi.

Na uku, yunwa da gajiya. Tun da jiki ne murhun, in babu itace wuta mutuwa take yi. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 mutum ya shiga haɗari, sai rawar ɗari, sai harshe ya yi nauyi, sai hankali ya rikice, sai barci ya riƙa fizgarsa. In rawar ɗarin ta tsaya alhali yana cikin sanyin, to abin ya yi tsanani.

Ba don in tsorata kowa ba, amma dole in faɗi wannan. Kimanin kilomita 100 kudu da Winifeg akwai wani ƙaramin gari, Emerson, a kan iyakar Kanada da Amurka. A daren 24 ga Disamba 2016 wasu 'yan Gana su 2 suka tsallako ta gonakin wajen a ƙafa, suna neman mafaka. Sun yi awoyi a cikin dusar ƙanƙara kafin wani direban babbar mota ya tsaya ya taimake su. Sun rayu, amma sai da aka yanke musu yatsun hannu. A watan Janairu na 2022 kuma aka tsinci gawar mutum 4 'yan gida ɗaya daga Indiya, miji da mata da 'ya'yansu 2, 'yan taku kaɗan daga iyakar. 'Yan sanda sun ce da kayan sanyi a jikinsu, amma kayan ba su isa su cece su ba a wannan fili da wannan iska da tsakar dare. A 2024 wata kotu a Amurka ta sami mutum 2 da laifi a kan fasa-ƙwaurin mutanen da ya jawo wannan rashi. Riga komai kyanta lokaci kawai take ƙara maka kafin ka isa inda akwai ɗumi. Duk wanda wani dillali ya ce masa ga riga, ga hanya, tafiyar 'yan awoyi ce kawai, to ya san da ransa ake ciniki.

Shawara ga mai shirin tafiya

Kada ka sayi babbar rigar a nan. Ka tafi da abin da zai kai ka, in ka isa ka nemi wanda ya daɗe a garin ya raka ka kanti. In kuɗi bai isa ba, a can ma akwai kantunan kayan hannu, kuma gwanjonsu na sanyinsu ne. Ka zaɓi mai tsawo da ta rufe cinya, mai hula mai zurfi, mai marfi a kan zif, wadda za ta ɗauki suwaita a ciki ba ta matse ka ba.

Kada ka zuba kuɗinka duka a riga. Ka rage na takalmi mai ɗumi, da safar ulu, da dogon wando na ciki, da safar hannu irin wadda yatsu 4 ke zama a gida ɗaya, domin ta fi mai rabe-raben yatsu ɗumi. Ka ci abinci kafin ka fita. Ka duba awon iska kamar yadda kake duba agogo.

In ka ga wata gaɓa ta yi fari ko toka-toka, ta daina ji, kada ka murza, kada ka kanga a wuta ko injin ɗumama ɗaki, domin za ka ƙone ba ka sani ba. Ka shiga ɗaki, ka sa ta a ruwa mai ɗumi daidai jiki, ka nemi likita.

Iyaye kuma, in yaro ya bugo waya ya ce kuɗin rigar sanyi ya kai kaza, kada a ce almubazzaranci ne. Ni ma haka na ce, kuma ga shi na dawo da yatsuna 10.

Kammalawa

Shugaban taro, an tambaye ni ko rigar nan tana aiki a tsananin sanyi. Amsata ita ce tana yi, fiye da yadda na zata, amma da sharaɗi: ta kasance a bushe, a buɗe, a rufe har hula, a jikin wanda ya ci ya ƙoshi kuma ya san lokacin da ya kamata ya koma ɗaki.

Rigar tana nan rataye a ɗakina, ba ta da aiki a garin nan. Na yi wa Sakatare alkawari duk ɗan wannan ƙungiya da ya sami tafiya irin tawa, ya zo ya ɗauka aro, in ya dawo ya miƙa wa na gaba. Sannan tun da maganar sanyi muke yi, da na zagaya ɗakunan kwana da safiyar nan na ga tagogi da yawa babu gilashi, hunturu kuwa ga shi tafe. Ina roƙon a sa gyaransu cikin abin da za mu tattauna kafin mu tashi, ni kuma na ɗauki na ɗakinmu na dā.

Ina godiya ga malamanmu da suka zauna suka saurari ɗalibin da ya sha dukansu a kan makara.